In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Kare Gida, Rumbu da Lambu Ba Tare da Guba Ba

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙarshen shekara na ƙungiya)

 



Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya tambaye ni abin da zan yi magana a kai, sai na ce masa ɓera. Ya yi dariya, ya ce, "Haba Baba, a taron da za a yi maganar rijiyar burtsatse da gyaran makaranta?" Na ce masa ɓera dai. Na yi sama da shekara talatin ina aikin malamin gona, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a tsawon wannan lokaci shi ne yadda manomi zai sha rana wata biyar, ya ci bashin taki, ya tsere wa fari da ambaliya, sannan bayan hatsi ya shiga rumbu ya zauna yana raba shi da ɓera da gafiya, yana ganin ƙaddara ce kurum.

Dalilina na biyu kuwa wani abu ne da ya faru a unguwarmu 'yan shekarun baya, wanda da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun san shi, don haka ba sai na ambaci gidan ba. Uwar gida ta gaji da ɓarnar ɓera a ɗakin ajiyarta, ta sayo shinkafar ɓera a hannun mai talla ranar kasuwa, ta kwaɓa da ƙuli-ƙuli, ta ajiye a bayan randa. Kafin ɓera ya kai gare shi, yaro ɗan shekara uku ya riga shi. Allah ya sa da sauran shan ruwansa a duniya, aka garzaya da shi asibiti a kan babur, ya yi kwanaki a kwance, ya tashi. Ragowar ƙuli-ƙulin da aka watsar a juji cikin ruɗewa kuma ya kashe kaji da kyanwar maƙwabta. Bayan wata biyu ɓera ya dawo ɗakin nan kamar ba a taɓa yi masa komai ba, ga shi kuma yanzu babu kyanwa.

Kada wani ya ɗauka ina nufin a bar ɓera ya yi yadda ya ga dama. Hasali ma, hatsarinsa ya wuce na hatsin da yake ci. A shekarar 1969, a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Daga sunan wannan gari cutar ta samo sunanta. Bayan 'yan shekaru, a ƙasar Saliyo, masu bincike suka gano cewa mai ɗauke da ƙwayar cutar wani ɓera ne da muke kwana da shi a gidajenmu, wanda macensa ke da nonuwa masu yawa, har sukan kai 24. Shi ɓeran ba ya ciwo, sai dai ya yi ta zubar da ƙwayar cutar cikin fitsarinsa da kashinsa, a kan gari, a kan tuwon da aka bari a buɗe, a kan shanyar da aka baza a gefen titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya asibiti, wajen 15 cikin 100 ba sa tashi, kuma cikin waɗanda suka warke akwai masu rasa ji. A watan Janairun 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Kano. A 'yan shekarun nan Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da ta fi addaba, tare da Ondo da Edo. Lokacinta kuma shi ne wannan da muke ciki, daga kaka zuwa bazara, sa'ad da daji ya bushe, ɓera ya biyo hatsi zuwa gida.

To me ya sa guba ba ta raba mu da shi? Amsar tana cikin haihuwarsa. Cikin wannan ɓera kwana 23 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a ciki ɗaya, su kuma 'ya'yan kafin su cika wata huɗu sun fara nasu. A yankin Faranah na ƙasar Gini an yi shekara huɗu ana gwada zuba guba a gidajen wasu ƙauyuka duk rani domin yaƙi da zazzaɓin Lassa. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa ɓerayen sukan ragu ƙwarai, amma ba a jimawa sai su koma yadda suke. Muddin abinci yana nan, mafaka tana nan, to duk ɓeran da aka kashe gurbi ya bar wa wani. Magabatanmu sun riga masu binciken gane haka da suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mun daɗe muna fama da ɓarawon, mun bar daddawar a buɗe.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma inda aka ci gaba ma a kan daddawar aka koma. A Amurka da Kanada akwai wata dabba da suke kira rakun, ta ɗara muzuru girma, mai baƙin zane a kewayen idanu da hannaye masu iya buɗe murfi da zare sakata. Da dare take fitowa ta kifar da kwandon shara, ta cinye masarar lambu, ta haihu a cikin rufin ɗaki. Mutanen can sun gwada barkono da tafarnuwa da fitila da rediyo, duka sukan yi aiki na 'yan kwanaki ne kawai. A 2016 hukumar birnin Toronto ta fara raba wa gidaje sababbin kwandunan shara masu murfi da makulli wanda sai an murɗa shi da hannu. Ko a hakan ma an samu 'yan ƙalilan daga cikin dabbobin da suka koyi buɗewa, amma dai birnin da ke da kuɗin sayen kowace irin guba, a kan murfi ya kashe kuɗinsa.

Mu kuwa tun kafin wannan an hore mu da rufe ƙwarya. Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin hadisan da suka yi umarni da rufe kwanukan abinci da ɗaure bakin salka da kashe fitila in za a kwanta, har aka ambaci ɓera da sunansa a matsayin mai jan lagwani ya ƙone gida. Saboda haka abu na farko shi ne kada ɓera ya samu abin ci ko abin sha da dare. Gari da tsaki da shinkafa su koma cikin duro ko bokiti mai murfi, ragowar tuwo a rufe shi da abu mai nauyi, a wanke kwanuka kafin a kwanta, dusar dabbobi kada ta kwana a kwatarniya. Juji kuma ya yi nesa da ɗakin girki. Na san wannan nauyi a kan iyayenmu mata zai faɗa, shi ya sa nake roƙon magidanta su sayo duron da murfin, kada a tsaya ga faɗa kurum.

Abu na biyu shi ne hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, ɓera kuwa ba ya buƙatar tsaga babba. Ƙaramin ɓeran ɗaka yana bi ta kafar da fensir zai shiga, babba kuma ta wadda babban yatsa zai shiga. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka dole ya yi ta gurgurar abu, kuma tsumma ko leda ko ɗanyen yumɓu da muke cusawa a rami ba komai ba ne a wurinsa. A toshe rami da siminti da tsakuwa, a buga falle na kwano a gindin ƙyaure, a sa ragar waya a bakin kwata da tagogin ɗakin ajiya. A sare reshen da ya sauka a kan rufi. A janye tarin itace da kara da tsofaffin tayoyi daga jikin bango, domin ɓera ba ya son ratsa fili. A jikin bango yake tafiya, duk inda aka share masa taku biyar ko shida na fili tsirara, an rage masa ƙarfin hali.

A nan zan ɗan daɗe a kan rumbu, domin a nan dukiyar take. Kakanninmu da suka ɗora rumbu a kan duwatsu ba don ado suka yi ba: suna tsare shi daga damshi da gara, suna kuma barin sarari a ƙarƙashi inda kaji da kyanwa za su riƙa shiga. Mu ne muka mayar da ƙarƙashin rumbu ma'ajiyar garma da tsofaffin buhuna, muka jingina tsani a jikinsa shekara guda, wato muka gina wa ɓera gada. Wanda ke da rumbu mai ƙafafun itace, ya ɗaga shi kimanin mita ɗaya daga ƙasa, ya sa maƙeri ya yanka masa kwano kamar mazurari a kife, a ɗaura a kowace ƙafa. Ɓera zai hau, ya iske rufi a kansa, ya dawo. Kafin a zuba sabon hatsi a share tsohon ƙurmus, a yaɓe duk wata tsaga. Wanda kuma yake ajiya a buhu cikin ɗaki, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A jera shi a kan katako, a bar hanyar da mutum zai zagaya ya duba.

Game da wake, ina jan hankalin manomanmu da 'yan kasuwarmu zuwa ga buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar bayan aikin da suka faro tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce mai kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki ya cinye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Da yake ƙanshin hatsin ba ya fita sosai, ɓera bai cika damuwa da shi ba, amma in ya huda shi aikin ya ɓaci, don haka shi ma a kan katako ake ajiye shi. Mu tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da Bature ya ƙi, mu da 'ya'yanmu muka ci shi a ƙosai da alala.

Yanzu bari in zo kan magungunan gargajiya, tunda na san su ake jira, kuma zan faɗi gaskiyar abin da na gani. Ganyen darbejiya busasshe, da toka, da yashi mai laushi, suna taimakawa wajen ƙwarin hatsi, musamman ga iri kaɗan da aka ajiye a tulu. Ga ɓera kuwa amfaninsu kaɗan ne. Barkono yana da tasiri, domin sinadarin da ke sa shi yaji yana ƙona baki da hancin duk dabba mai shayarwa, ɓera ne ko kurege ko biri. Amma ga wani abin mamaki: tsuntsu ba ya jin yajin barkono ko kaɗan, saboda haka wanda ya barbaɗa shi don korar tsuntsaye daga gero ya yi asarar barkononsa. A lambu, ana daka barkono da tafarnuwa a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye, a fesa a gefen fangali da bakin rami. Raɓa da ban-ruwa suna wanke shi, sai an maimaita bayan 'yan kwanaki. Na'a-na'a da sauran abubuwa masu ƙarfin ƙanshi haka suke: dabba takan kauce kwana biyu, in yunwa ta matsa ta saba. Ni a ganina wari da yaji mataimaka ne, suna sa dabba ta zaɓi wani wurin in akwai wani wurin, amma ba sa maye gurbin murfi da siminti. Na'urar nan kuma da ake maƙalawa a soket wai tana fitar da ƙarar da ke korar ɓera, ku riƙe kuɗinku.

Masu gadin da Allah ya ba mu kyauta su ne muka fi wulaƙantawa. A ƙasar Eswatini, wadda a da ake kira Swaziland, wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa gidajen karkara da ke da kyanwa da kare tare sun fi samun sauƙin ɓera a fili, fiye da masu ɗaya daga cikinsu kaɗai, domin ɓera yakan ji tsoron fitowa kiwo. Karen gadin gona da na kiwo dai malamai ba su hana ba. Sai kuma mujiya. Na san abin da ake faɗa a kanta, na kuma ga yara suna jifanta a tsohon ginin makaranta manya suna sa musu albarka. Farar mujiyar nan kusan ba ta da abinci sai ɓera, kuma ma'aurata biyu da 'ya'yansu suna cin dubbai a shekara. A Malesiya, ƙasar Musulmi, masu gonakin kwakwar manja da na shinkafa akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna don ta zauna ta haihu. Mu muna korarta, sannan mu sayo gubar da in ta ci ɓeran da ya ci, ita ma ta mutu. Haka jaba, duk da warinta, ba ɓera ba ce, ƙwari da kyankyasai take ci. Bushiya ma haka.

Wanda ya riga ya shiga ɗaki kuwa sai tarko, kuma shari'a ba ta hana kashe shi ba. Sai dai a san halinsa: babban ɓera yana tsoron sabon abu. A ajiye tarkon a jikin bango inda ake ganin kashinsa, a sa masa tunkuza ko busasshen kifi kwana biyu ko uku ba a ɗana ba, sai ya saki jiki sannan a ɗana. Tarko goma a dare uku ya fi tarko ɗaya a wata guda. Kada a taɓa mushen da hannu. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi. Kada a bar wa yara wannan aiki. Inda aka ga kashin ɓera a yayyafa ruwa mai bilic kafin a share, kada a tayar da ƙura a shaƙa.

Masu lambu a fadama, ku abokiyar gabarku gafiya ce. Dabba ce mai wayo, takan kai kilo ɗaya da rabi, tana cika kumatunta da gyaɗa ko dankali ta kai rami, shi ya sa ake mata kirari da tsira da na bakinki. Hancinta kuwa ya kai a Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da 'yan'uwanta su shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a cikin majina; ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Mai irin wannan hanci ba a ruɗinsa da ɗan wari. Abin da ke aiki shi ne share ciyawar kan iyaka, rushe ramuka tun kafin shuka, kwashe amfanin da ya nuna da wanda ya faɗi, da kewaye wurin renon iri da ragar waya wadda aka binne gindinta cikin ƙasa. Shingen aguwa ko bini-da-zugu da aka cike da ƙaya yana tsare awaki, amma in aka bar gindinsa ya cunkushe, shi ne zai zama gidan gafiyar. Abin da nake roƙo a daina shi ne cinna wa daji wuta don farautarta. Gafiya ɗaya ake nema, a ƙone harawa da karan mutane, a kuma koro duk ɓerayen dajin zuwa cikin gari, sannan yara su feɗe abin da suka kama da hannu, jini yana taɓa su.

Biri ba zan daɗe a kansa ba, don 'yan gonakin bakin dutse kaɗai yake damu. Mutum-mutumi kwana uku yake yi kafin jan biri ya gane shi, sai in ana sauya masa wuri da riga. Babu abin da ya kai gadi, da safe da kuma la'asar, a lokacin da masara ta fara nuna. Maƙwabtan gona su yi karɓa-karɓa, ya fi a cire yaro daga makaranta.

Mai girma shugaban taro, ga abin da nake nema daga wannan ƙungiya, domin ɓera bai san katanga ba, wanda ya gyara gidansa shi kaɗai ya tura wa maƙwabcinsa ne, gobe kuma a dawo masa da shi. Ina roƙon mai girma Hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su tsayar da mako guda a cikin watan gobe, wanda kowane gida zai yi shara da toshe ramuka da ɗana tarko a lokaci ɗaya, a kuma maimaita kafin faɗuwar damina. Ina roƙon ƙungiya ta sayo tarkuna da buhunan PICS a sari ta sayar wa jama'a a kan kuɗin da ta saya, ta kuma duba yiwuwar gina dandamalin shanya na siminti a bayan kasuwa, mai kewaye, don a daina baza gari da barkono da kuɓewa a bakin titi. Akwatin mujiya guda biyu kuwa ni na ɗauki nauyinsu, na riga na yi magana da kafinta; izinin kafa su a bayan makarantar firamare da gefen fadama kawai nake jira. Duk wanda kuma zazzaɓi ya kama a gidansa a wannan rani, aka sha maganin cizon sauro kwana uku bai sauka ba, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita in akwai ɓera a gidan.

 Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya mayar da kowa gidansa lafiya.